Baƙin Ƙarfe a Madadin Filatinum: Jawabi Kan Batirin Haidirojin



Maganar da zan yi muku yau, in aka ji ta daga nesa, sai a ce ba ruwan talaka da ita. Magana ce a kan wata na'ura da ake kira batirin haidirojin, da wani ƙarfe mai ɗan karen tsada wanda na'urar take bukata, da kuma faman da masana kimiyya suka shekara 60 suna yi don su sami wani abu mai arha da zai tsaya a madadin wannan ƙarfe. Amma duk wanda ya taɓa kwana da rurin janareta a kunnensa, ko ya bi bayan tirela yana shaƙar baƙin hayaƙinta, ya san yadda ake samun wuta da yadda ake tafiyar da mota abu ne da ya shafi kowa. Saboda haka ina roƙonku ku kasa kunne, mu bi zancen daki-daki. Zan faɗi abin da aka cim ma, zan kuma faɗi abin da ya gagara har yanzu, don kowa ya san inda aka kwana.

Mene ne batirin haidirojin?

Haidirojin wata iska ce, ita ce mafi rashin nauyi a cikin dukan abubuwan da ke duniya. Idan ta haɗu da oksijin, watau iskar nan da muke shaƙa mu rayu, abin da suke haifarwa shi ne ruwa. In aka kusanta musu wuta, haɗuwar takan zo da ƙara da harshen wuta, ƙarfin da ke cikinsu ya tafi a zafi. Hikimar batirin haidirojin ita ce a haɗa su a hankali, ba wuta ba hayaƙi, yadda ƙarfin nan zai fito a matsayin wutar lantarki. Batirin tocila in ya mutu sai a yar, na mota kuwa sai a kai shi caji. Shi wannan ba ya ajiye wuta a cikinsa, yin ta yake yi, kuma ba zai daina ba muddin ana ɗura masa haidirojin, kamar dai injin niƙa da mai.

Ga yadda aka shirya shi. A ɗauki falle guda mai fuska biyu, da wani siririn tantani a tsakaninsu. Ana turo haidirojin ta fuska ta farko, ana turo iskar sarari ta fuska ta biyu. Kowace ƙwayar zarra ta haidirojin abu biyu ne a haɗe, furoton da elektaron. A fuska ta farko ake raba su. Tantanin yana barin furoton ya ratsa shi, amma ba ya barin elektaron. Dole elektaron ya zagaya ta cikin waya kafin ya kai ɗaya ɓangaren, wannan zagayen nasa kuwa shi ne wutar lantarkin da ke kunna ƙwai ko juya injin mota. A fuska ta biyu sai furoton da elektaron su tarar da oksijin, su haɗu su zama ruwa. Abin da ke fita ta salansa ke nan, ruwa da ɗan ɗumi.

Falle guda ba ya ba da wuta mai yawa. A lissafi ya kamata ya ba da bolt 1.23, amma a bakin aiki bolt 0.6 zuwa 0.7 ake samu, bai ma kai rabin na batirin tocila ba, wanda yake da bolt 1.5. Don haka ake jera falle ɗaruruwa a tari guda. Motar Toyota Mirai da aka fitar a Japan a 2014, tana da falle 370. Tankinta yana cin haidirojin kimanin kilo 5, ana cika shi cikin minti biyar ko ƙasa da haka, ta yi tafiyar kusan kilomita 500.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani lauya ɗan Birtaniya mai suna William Grove ne ya nuna ta a 1839. A 1959 wani injiniya a Ingila, Francis Bacon, ya gina irin wannan batir mai ƙarfin kilowat 5, kuma a kan aikinsa aka gina waɗanda kumbon Apollo ya ɗauka zuwa duniyar wata a 1969. Su suka ba 'yan sama jannatin wuta, ruwan da suka fitar kuma shi suka sha. A 2018 jirgin ƙasa mai aiki da haidirojin ya fara ɗaukar fasinja a arewacin Jamus, a 2020 kuma aka kai manyan motocin ɗaukar kaya na kamfanin Hyundai ƙasar Suwizalan. To, abin da aka sani tun shekara 180 da suka wuce, me ya hana shi zama ruwan dare? Dalilan suna da yawa, amma guda daga cikin manyansu shi ne dillali.

Aikin dillali

Haidirojin da oksijin, duk da cewa ƙarshensu haɗuwa, in aka zuba su a kwalba guda aka rufe, sai su yi shekaru ba wanda ya kula wani. Sai an sami mai shiga tsakani. Kowa ya san dillali a kasuwar shanu. Ba shi ke sayarwa ba, ba shi ke saye ba. Yakan kama hannun wannan, ya kama hannun wancan, ya daidaita su, in an sallama ya juya ya kama wani cinikin. A kimiyyar haɗa sinadarai ma akwai abubuwan da aikinsu ke nan. Suna hanzarta haɗuwar wasu abubuwa, su kuwa ba sa ƙarewa. Masana suna kiransu katalis, mu a wannan jawabi za mu kira su dillalai.

Dillali yana da la'ada. Bambancin nan da ke tsakanin bolt 1.23 na lissafi da bolt 0.7 na zahiri, babban rabonsa la'ada ce da ake biya kafin cinikin ya faɗa. Gwanin dillali shi ne mai ƙulla ciniki da yawa cikin ɗan lokaci, la'adarsa kaɗan, kuma ya jure zaman kasuwa shekara da shekaru. A cikin batirin mota, inda akwai tsami mai ƙarfi irin na asid, ga zafin da ya kai digiri 80, ba a sami gwanin da ya kai filatinum ba. Shi Grove ya yi amfani da shi tun farko, shi ne kuma a cikin motocin da aka sayar zuwa yau.

Fuskokin nan biyu ba wahalarsu ɗaya ba. Raba haidirojin abu ne mai sauƙi, ɗan filatinum kaɗan ya isa. A wajen oksijin ne aikin yake. Ƙwayoyin oksijin biyu-biyu suke tafiya, a ɗaure tamau, sai an kwance su, sa'an nan elektaron huɗu da furoton huɗu su iso bi da bi kafin a sami ruwa. Wannan jinkiri ne ya sa mafi yawan filatinum ɗin da ke cikin batir a fuskar oksijin yake. Nan ne kuma masu bincike suka mai da hankali.

Tsadar filatinum

Filatinum farin ƙarfe ne mai nauyi, ba ya tsatsa. Abin da ake haƙowa a duniya duka a shekara bai kai tan 200 ba, alhali zinariya ana haƙo fiye da tan 3,000. Kimanin kashi 70 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa, daga duwatsun yankin Bushveld inda Hans Merensky ya tabbatar da jijiyarsa a 1924. Mafi yawan ragowar daga Rasha da Zimbabuwe ne. Sai an fasa dutse tan guda kafin a sami 'yan gram kaɗan.

Kayan da ke hannun ƙasashe uku, farashinsa ba ya zama wuri guda. A Janairun 2008 ƙarancin wutar lantarki ya tsai da aiki a ma'adinan Afirka ta Kudu na 'yan kwanaki. Kafin ƙarshen Maris oza guda, watau gram 31, ta haura dala 2,200. Kafin shekarar ta ƙare kuma ta faɗo ƙasa da dala 900. Mai masana'anta ba zai iya tsara aikinsa a kan irin wannan hawa da sauka ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. An ƙiyasta motocin haidirojin na farko kowace ta ci filatinum kusan gram 30. In aka ɗauki tan 180 aka raba gram talatin-talatin, mota miliyan 6 za a samu. In an yi ƙoƙari an rage zuwa gram 10, miliyan 18 ke nan. A 2023 kuwa motocin da aka ƙera a duniya sun haura miliyan 90. Wannan ma in an hana kowa taɓa filatinum ke nan, alhali masu tace mai, da masu kayan ado, da masu ƙera matatar hayaƙin salansa duk suna bukatarsa. Har wa yau, Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa in ana ƙera batiran nan dubu ɗaruruwa a shekara, kuɗin dillali kaɗai zai kai kimanin kashi 40 cikin 100 na kuɗin tarin fallayen. Sauran kayan suna araha in aka yi su da yawa. Filatinum kuwa, yawan masu nemansa ƙara masa tsada yake yi.

Darasi daga jinin jikinmu

To, ina za a sami wani dillalin? Amsar tana kusa da mu ƙwarai. Kowane numfashi da muka ja, jikinmu yana yin irin wannan aikin da ke wahalar da injiniyoyi. Abin da ya sa jini ya yi ja wani sinadari ne da ke ɗauke da oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. A tsakiyarsa akwai ƙwayar zarra guda ta baƙin ƙarfe, ƙwayoyin naitirojin huɗu sun riƙe ta, kamar yadda haƙoran zobe huɗu suke riƙe dutsensa. A can cikin tsoka kuma akwai wani sinadarin mai baƙin ƙarfe da jan ƙarfe, wanda yake karɓar oksijin ɗin, ya haɗa shi da elektaron huɗu da furoton huɗu, ya mai da shi ruwa. Duk baƙin ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce gram 3 zuwa 4 ba, nauyin ƙaramar ƙusa, kuma ba ko ɗigon filatinum a ciki.

Baƙin ƙarfe kuwa ba abin nema ba ne. Kimanin kashi 5 cikin 100 na ɓawon ƙasa shi ne. Naitirojin shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu. Na ukunsu kabon, shi ne asalin gawayi. Tambayar da masana suka yi wa kansu ita ce, za a iya kwaikwayon wannan zoben da waɗannan abubuwa uku, ya yi aiki a cikin inji?

Yadda binciken ya gudana

A 1964 wani mai bincike a Amurka, Raymond Jasinski, ya nuna cewa wani sinadari dangin shuɗin fenti, mai ƙwayar ƙarfen kobalt a tsakiyar naitirojin huɗu, yana iya dillancin oksijin. Sai dai ba shi da ƙarfi, kuma tsami yana lalata shi nan da nan. A shekarun 1970 masu bincike a Jamus suka lura cewa in aka gasa irin waɗannan sinadarai a wuta mai tsanani, inda iska ba ta shiga, ƙarfinsu da ƙarkonsu suna ƙaruwa. A 1989 ƙungiyar Ernest Yeager a birnin Cleveland ta nuna ba lalle sai an fara da sinadari mai tsada ba. Suka gasa irin robar da ake zaren suwaita da ita tare da gishirin baƙin ƙarfe ko na kobalt, suka sami dillali mai aiki.

Duk da haka tazarar da ke tsakaninsa da filatinum ta kasance mai nisa, har mutane da yawa suka fid da rai. Sai a 2009 ƙungiyar Jean-Pol Dodelet a lardin Kwibek na Kanada ta fito da dillalin baƙin ƙarfe wanda, a wasu ma'aunai, ya kamo ƙafar filatinum. A 2011 ƙungiyar Piotr Zelenay a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka ta haɗa wani da baƙin ƙarfe da kobalt, ya yi awa 700 yana aiki bai yi sanyi sosai ba. A 2016 gwamnatin Amurka ta kafa haɗin gwiwar cibiyoyin bincikenta musamman don wannan aiki. A 2017 masanan Los Alamos da abokan aikinsu, da taimakon madubin ƙara girma mai amfani da elektaron, suka ga ƙwayoyin ƙarfen ɗai-ɗai a zaune cikin kabon. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Ballard na Kanada da Nisshinbo na Japan suka ba da sanarwar wani ƙaramin batir na sayarwa, mai ƙarfin wat 30, wanda fuskarsa ta oksijin ba filatinum, abin da ya rage yawan filatinum ɗin da ke cikinsa da fiye da kashi 80 cikin 100. Wat 30 ba zai motsa mota ba, fitila da cajin waya ne iyakarsa, amma ya nuna abin ya fita daga ɗakin gwaji.

Yadda ake haɗa shi

A taƙaice, aikin ya yi kama da na masu yin gawayi, sai dai da awo da tsabta. Ana cuɗa abu mai kabon, da abu mai naitirojin, da ɗan gishirin baƙin ƙarfe, a gasa a zafin digiri 900 zuwa sama da 1,000 inda oksijin ba ta shiga. Abin da ke fitowa baƙin gari ne mai ƙofofi ƙanana kamar soso. Ƙofofin suna da yawan da in za a shimfiɗa cikin gram guda, zai rufe fili mai faɗin murabba'in mita ɗaruruwa. A jikin bangon ƙofofin nan ne zobban suke zaune, kowace ƙwayar ƙarfe ita kaɗai da naitirojin huɗunta.

Wahalar ita ce ƙwayoyin ƙarfe suna son juna. In aka ƙara yawansu don a sami dillalai da yawa, sai su dunƙule a cikin wuta su zama curi, curin kuwa ba ya aiki. A 2022 ƙungiyar Anthony Kucernak a Kwalejin Imperial ta Landan ta bayyana wata dabara. Suka fara gasa garin da tutiya, wadda ba ta dunƙulewa haka, ta kama wa ƙarfen wuri. Daga baya suka fid da tutiyar suka zuba baƙin ƙarfe a gurbinta. Da haka suka kai ƙarfen kashi 7 cikin 100 na nauyin garin, duka ɗai-ɗai, ba curi.

Inda gizo ke saƙar

Yanzu ga abin da ya gagara. Dillalin baƙin ƙarfe yana fara kasuwa da ƙarfi, amma ba ya daɗewa. Da yawa daga cikin mafi ƙarfinsu sukan yi asarar babban rabo na ƙarfinsu cikin awoyi ɗari na farko ko 'yan ɗaruruwa. Burin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta sa shi ne awa 8,000 ga ƙaramar mota, awa 30,000 ga babbar motar kaya. Awa 700 da na ambata wata guda ne. Awa 30,000 kuwa kusan shekara uku da rabi ne, dare da rana ba tsayawa.

Masana sun gano dalilai. Na farko, tsamin da ke cikin batir yana zare ƙwayar ƙarfen daga zobenta a hankali. Na biyu, wani lokaci cinikin yakan tsaya a rabi, oksijin ta karɓi elektaron biyu maimakon huɗu. Abin da ke fitowa a nan ba ruwan sha ba ne, irin ruwan nan ne mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a asibiti. Tun 1894 wani masani a Ingila, Henry Fenton, ya nuna cewa in wannan ruwa ya gamu da baƙin ƙarfe, yakan zama abu mai ci ƙwarai. Sai ya ci kabon ɗin da ke riƙe da zoben, ya ci tantanin. Watau dillalin da kansa yake rushe rumfar da yake zaune. Na uku, tun da ƙarfinsa bai kai na filatinum ba, sai an shafa shi da kauri, har ninki goma. Iska tana wahalar ratsa wannan kauri, ruwan da ake haifarwa kuma yana taruwa ya toshe ƙofofin.

Hanyoyin da ake bi

Sanin cuta shi ne rabin magani. A 2021 ƙungiyar Frédéric Jaouen a birnin Montpellier na Faransa ta nuna cewa zobban nan iri biyu ne. Iri guda yana da zafin nama amma da sauri yake komawa tsatsa, ɗayan kuwa yana jurewa. Ke nan aikin ya zama na neman yadda za a yawaita mai jurewar. A 2022 ƙungiyar Gang Wu a Jami'ar Buffalo ta Amurka ta lulluɓe garin da wani siririn mayafi na kabon, ƙarkonsa ya ƙaru sosai. Wasu suna zuba sinadaran da ke kame ruwan nan mai ci tun bai yi ɓarna ba. Wasu sun koma ga kobalt da manganis, waɗanda ba su kai baƙin ƙarfe ƙarfi ba amma ba su kai shi jawo wannan ɓarna ba.

Akwai kuma masu cewa a sake gidan gaba ɗaya. Mun san kanwa ita ke kashe tsami. In aka yi tantanin da ke aiki a ɓangaren kanwa maimakon na tsami, baƙin ƙarfe da nikel da azurfa duk suna samun sauƙin zama. Batirin Bacon ma irin wannan ne, da nikel ya yi aiki. Sai dai a nan ma akwai ƙaya. Iskar kabon da ke cikin sarari tana rage masa ƙarfi, tantanin bai kai na tsami ƙarko ba, raba haidirojin da yake da sauƙi a cikin tsami kuma a nan yakan yi nawa.

Su kuwa kamfanonin mota ba su zauna jira ba. Suna gauraya filatinum da kobalt don kaɗan ya yi aikin mai yawa, ana kuma tsamo shi daga tsofaffin na'urori a sake amfani da shi. Mai yiwuwa ne dillalin baƙin ƙarfe ya fara samun gindin zama a ƙananan na'urori da injinan ko-ta-kwana, waɗanda ba a kunna su kullum, kafin ya kai ga tirela.

Ina ruwanmu?

A taron sauyin yanayi na birnin Glasgow a Nuwamban 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa kafin 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa. Cika wannan alkawari yana bukatar wani abu da zai karɓi aikin man dizal a manyan motoci, da asibitoci, da turakun wayar salula. Batirin haidirojin yana cikin abubuwan da ake dubawa. In ya tsaya a kan filatinum, ƙasashe masu kuɗi ne za su riga kowa, mu sami saura. In ya koma kan baƙin ƙarfe da gawayi, farashinsa zai iya saukowa inda hannunmu zai kai.

Amma akwai abu uku da nake so kowa ya riƙe.

Na farko, arhar dillali ba ita ce arhar haidirojin ba. Ba a haƙo ta kamar mai, yin ta ake yi. Kusan dukan wadda duniya take amfani da ita, tan miliyan 97 a 2023, daga iskar gas da kwal da mai aka samo ta, kuma kowane kilo da aka yi da gas yana sakin iskar kabon kimanin kilo 10. A nan gida ma masana'antun takin zamani na Eleme da Lekki da gas suke yin haidirojin, su mai da ita takin yuriya. Mai tsabta ita ce wadda aka raba daga ruwa da wutar hasken rana ko ta madatsar ruwa. Kilo guda yana cin ruwa lita 9 da wuta yunit 50 ko fiye, in aka mai da shi wuta a cikin batir kuma yunit 20 ko ƙasa da haka ake samu. Saboda haka mai son hasken gida, faifan sola da batir na caji sun fi masa. Amfanin haidirojin yana wajen kaya masu nauyi, da tafiya mai nisa, da ajiyar wuta ta dogon lokaci.

Na biyu, a yi hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya zo muku da wata na'ura ya ce in kun ɗaura wa mota ko janareta za su yi aiki da ruwa zalla, ku riƙe kuɗinku. Ruwa shi ne tokar haidirojin, abin da ya rage bayan ta ƙone. Ba a hura wuta da toka. Lissafin yunit 50 da yunit 20 da na kawo ya isa hujja. Kada kuma yara su ce za su tara haidirojin a gida don gwaji. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana kama wuta da ɗan tartsatsi. A cikin mota ana matse ta ne a tanki na musamman, matsin da ya ninka na iskar taya kusan sau 300.

Na uku, kada mu ce tun da muna da dutsen ƙarfe a Itakpe, mun gama. Ƙarfen da ake bukata a wannan aiki ɗan kaɗan ne, kowace ƙasa tana da shi. Abin da ke da tsada shi ne sanin yadda za a zaunar da ƙwaya guda a tsakiyar huɗu, ta yi shekaru ba ta motsa ba. Wannan sani a makaranta ake samunsa. Muna da cibiyoyin binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, muna da sassan kimiyyar sinadarai a jami'o'inmu. Ina kira ga iyaye, in yaro ko yarinya suka nuna sha'awar kimiyya da lissafi, a ƙarfafa musu gwiwa, a saya musu littafi, kada a cire su daga makaranta. Ina kira ga malamai su riƙa kai ɗalibai ɗakin gwaji, kada karatun ya tsaya a allo. Matsalar ƙarkon nan da na bayyana ba a warware ta ba tukuna, ƙofa a buɗe take ga kowa.

Jama'a, abin da ya kamata mu tafi da shi ke nan. An tabbatar baƙin ƙarfe yana iya dillancin da aka daɗe ana cewa sai filatinum. Abin da ya rage shi ne ya iya jure zaman kasuwa, daga awa ɗaruruwa zuwa awa dubbai. Duk ranar da kuka ji labari a rediyo cewa an sami sabon dillali mai arha, tambayar da za ku yi ita ce, awa nawa ya yi yana aiki? Amsar wannan tambaya ita za ta nuna muku ko an kusa.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi, ya daure ya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Mu kwana nan.